Raƙuman Dawa a Gonar Gambi

"...to ina gajiya, mai yawon duniya? An dawo da ƙafa biyu?"

"Gajiya tana nan daram, Gambi. Rage gaisuwar nan, ki miƙo mini ruwa."

"Yaushe bawa ya fara aiken uwargijiyarsa? Randa tana inda ka bar ta."

Sumana ya zube a tabarma ko takalmi bai cire ba, kamara na lilo a wuyansa. Ina gefe ina ɓarar gyaɗa, a gabana aka yi. Gambi 'yar kawunsa ce, shi ɗan gwaggonta, kuma mu Zabarmawa an san yadda taubasai suke. Furfura ta cika kansu, amma ban taɓa jin ɗaya ya yi wa ɗaya magana mai daɗi a gaban mutane ba.

Tun da ya bar aikin gidan waya a Yamai ya sayi kamara 'yar gwanjo, babu fure ko tsuntsun da ya tsira daga gare shi. Ita kuwa mijinta ya rasu, 'ya'yan suna Kwatano, gonar wake guda a bayan Kure ita ke riƙe da gidan. Bana raƙuman dawa suka sa gonar a gaba, ga doka ta hana a taɓa su. Mutanen ƙungiyar da ke kula da su suka ce wanda aka yi wa ɓarna ya kawo shaida gobe, a sa shi cikin masu samun iri. Shi ya sa ta aika aka kira shi. Da asuba ta tafi gadin gona, shi kuma ya shiga daji da hantsi, sai yanzu la'asar ya dawo.

"Na dai san na aiki bawa garinsu," in ji Gambi. "Kawo mu gani. Gani ya kori ji."

"Wanke hannu tukuna. Wannan ba muciya ba ce."

"Muciya ta fi ta, ana cin abin da ta tuƙa. Kunna."

Ya kunna, ta matso tana ƙanƙance ido.

"Mene ne wannan?"

"Furen wake. Dubi ƙudan zuman da ke kansa, har gashin ƙafarsa ya fito."

"Ƙudan zuma na kai ƙara? Wuce."

"Wannan gawo ne, rana ta bayansa. Sai da na kwanta rub da ciki na same shi haka."

"Gawon nan a gindinsa aka yi maka kaciya, kana ihu kana kiran gwaggo. Shi ma ya san ka, ba sai an nuna masa hoto ba. Wuce."

"Suri."

"Suri. Sumana, daga Yamai na kira ka, ka shigo mota, ka ci tuwona jiya har da neman ƙari, don ka ɗauko mini gidan gara?"

"Tuwon naki ne ya sa na ga surin ya yi mini kyau. Taurinsu ɗaya."

"Ka ci shi dai, da sauran haƙoran nan naka da suka yi gaba da juna. Ina raƙumin?"

"Ga shi. Dubi gashin idon nan. Ko ranar aurenki ba ki yi kwalli haka ba."

Ta daɗe tana kallo. Kan raƙumin dawa ne da rabin wuya, bayansa sararin sama fes.

"Ina gonar?"

"Tana ƙasa."

"Ƙasa ina? Wannan ai ko a sama jannati ka ɗauke shi ba mai musu. In kai wa mutanen nan kai ba jiki, in ce ga ɓarawon wakena? Aikin banza, makaho da waiwaye."

"Ke kin san nisan da na yi? Dabbar nan taku guda take yi, ni in yi goma. Ƙaya ta yaga mini wando, gwiwata kamar an zuba mata tsakuwa."

"Da ma ƙafar ɗan mace ba ta da ƙwari. Mu 'ya'yan maza mu aka haifa da ƙashi."

Daga nan ta koma ta jingina da zana, ta miƙe ƙafafu. Muryarta ta sauka.

"Ban da wasa, Sumana. Tun da waken nan ya fara fure ban san barcin safe ba. In tafi da duhu-duhu, in yini ina bugun galan kamar mahaukaciya. Su tsaya su kalle ni daga sama, su ci gaba da cinsu. Rabin gonar ya tafi. In ban samu irin nan ba, baɗi ban san me zan shuka ba."

Sumana ya murza gwiwa. Can ya ce, "Akwai saura guda ɗaya. Amma sai kin ce ni ne ubangidanki."

"Gara raƙuman su cinye har da ni."

"Kaɗan ya rage ai."

Ya juya mata kamarar. Na tashi na leƙa ta kafaɗarta. Gonar ce sosai, ga layin waken da aka tattake, ga raƙumar dawa ta ware ƙafafu ta duƙa tana figa, ɗanta a gefe. A gaban hoton kuwa, gindin aduwa, Gambi ce ta jingina, ɗankwali ya zame, galan a cinya, baki a hangame, tana sharar barci.

"Wannan ba ni ba ce."

"Zanen wa ke jikinki yanzu?"

"Addu'a nake yi."

"Lallai an amsa. Na ji amin ɗin tun daga bakin hanya, har tsuntsaye suka tashi."

"Kai kuma ka tsaya kana gyara tsayuwa suna cin abincina? Ba ka iya tashe ni ba?"

"Shaida kika ce in kawo. Da na gama na kore su da hula, na raka su har bayan tudu. Nan gwiwar ta tafi."

"Ka wuce ni ina kwance kamar gawa."

"Na zo zan taɓa ki, sai na ga yadda kika rame. Na ce barcin nan ya fi ƙarfin wake." Ya kau da kai. "Kuma in kina barci ne kawai duniya ke hutawa da bakinki."

Gambi ta sake duban hoton, ta goge ido da bakin zane kamar wani abu ya faɗa mata.

"To yanke ni. Ku masu boko kun iya. Ka bar raƙumar da waken."

"In na yanke ki, wa zai ce gonarki ce? Wake duk wake ne. Amma bakin nan, kowa a Kure ya san mai shi, ko da yake ba a taɓa ganinsa a buɗe ba ya magana ba."

"Za su manna shi a bango, matan kasuwa su yi ta zuwa kallo."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zaɓi ɗaya: mutunci ko iri."

"Mutunci ba ya tsirowa," ta ce, sai dariya ta ƙwace mata, irin ta wanda ya gaji har ba ya iya riƙe ta. Ta yi ta yi tana dafe da haƙarƙari, shi ma yana yi yana tari.

Ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta shiga ɗaki. Ta fito da ƙwaryar kopto, kwaɗon zogale da ya sha ƙuli, ta dire a gabansa, ta ɗora ƙwan zabi a gefe cikin faifai.

"Ci, kada ka mutu a gidana a ce tuwona ne. Gobe da sassafe ka kai a wanke shi."

"Ƙarami ko?"

"Babba. In za a yi mini dariya, a yi ta har su ga waken."