Motocina huɗu suna gidan Mai Girma

Da hantsin Talata, zafin bazara ya riga ya sauka, ko ganye ba ya motsi. Ina wanke babur a bakin zaurenmu a Ƙofa, sai ga maƙwabcinmu Baba Ɗahiru da galan a hannu. Fetur ne lita biyu, sai da ya yi kwana uku a layi ya samu, don injin ban-ruwan tumatirinsa da ke bakin tafkin Bagauda. Tumatirin nan kwanansa huɗu bai sha ba, kuma shi ne abincin gidansa har damina. Amma sai ya ce in juye a babur in kai shi ofis.

Wai jiya ya ji Mai Girma Sarkin Lissafin Jin Daɗin Talakawa a rediyo, yana cewa an auna abin da kowane mutum ɗaya yake samu a shekara, an ga mun fi maƙwabta. Baba kuwa yana cikin waɗanda madatsar ruwan Tiga ta tasa daga garuruwansu suna yara, aka yi rajistar biyan diyya. Abin da ya koya tun lokacin shi ne, in manya suka ce "kowane mutum", to a yi sammako a kama layi kafin a rufe rajista. Ni karatuna bai yi nisa ba, sai na ga maganarsa ta hau.

A ofishin Mai Girma muka tarar da wani malami shi kaɗai, fanka biyu a kansa, janareto na ta shan mai a waje. Bayan doguwar gaisuwa ya fahimtar da mu cewa ba rabo ake yi ba. Samun kowa da kowa ake tarawa a takarda, a raba da yawan kawuna.

"To ranka ya daɗe," in ji Baba, "shi wanda aka tara ni da shi ɗin, yana ina? Ko gaisawa ce mu yi."

Ni dai nan take na gane. Mai Girma motarsa takwas, ni ko ɗaya. In an tara mu an raba, huɗu-huɗu ke nan. Allah ya saka masa da alheri, shi yake ajiye min nawa, ya sa a wanke min, har hawa min yake yi don kada su yi tsatsa.

Na tambayi malamin a hankali su wa muka fi. Ya ce Nijar da Chadi. Na ce Kamaru da Benin fa, ai su ma katangarmu ɗaya? Ya juya takardar gaba da baya, ya ce a daidai nan tawadar inji ta ƙare.

Mu ma a hanya manmu ya ƙare. Muka turo babur, na san tumatiri Baba yake gani a ransa. Sai la'asar muka isa gonar.

Kowane fangali a jiƙe yake sharkaf. Ashe Sagir, ɗan ci-ranin da ya zo daga wajen Maraɗi yake aiki a gonar gefe, shi ya ga ganye ya langwaɓe, ya juyo tiyonsa da ya gama nasa. Har ya naɗe kaya ya nufi masallaci. Baba ya duƙa yana ta shafa ganye, bai ko ɗaga kai ya neme shi ba.

Ni ma ban bi shi ba. Mai mota huɗu, ina zai san yadda ake yi wa talakan Nijar godiya?