Jirage Huɗu a Fadamar da Aka Fasa

Ba na zaton akwai ranar da wannan al'amari zai fita daga raina, ko da na so ya fita, kuma na so ɗin. Amma kafin in kai gare shi, ya kamata in faɗi abin da na yarda da shi a wancan lokaci, domin a san irin mutumin da abin ya sama. Na yarda cewa duk abin da aka auna, aka rubuta, aka zana a takarda, to an san shi. Abin da kuwa yake cikin kan tsofaffi kawai, labari ne, har sai mai ilimi ya zo ya tantance. Ban taɓa faɗin haka da bakina ba, domin an yi mini tarbiyya. A aikace nake faɗinsa.

Ina koyar da labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare ta maza a Talata Mafara, a shekarun da mutum yake iya tashi daga Mafara ya je Maradun ya dawo ba tare da ya bar wasiyya ba. Ni ne kuma na farfaɗo da ƙungiyar sikawut ta makarantar bayan ta daɗe a mace. Yara ashirin da huɗu nake da su. Shugaban makarantar, mutum mai ƙarancin magana da yawan tuna abin da aka ce, bai taɓa son ƙungiyar ba. A ganinsa ɓata lokaci ne a sa yaro gajeren wando a rataya masa usur alhali jarrabawa tana tafe. Da na kai masa shirina na tafiya da yaran cikin kwale-kwale su kwana biyu a tsakiyar wata fadama ta ƙasar Bakura, sai ya karanta takardar har ƙarshe, ya cire tabarau.

"Malam, zan sa hannu," in ji shi. "Amma mu fahimci juna. In tafiyar nan ta yi kyau, ƙungiyarka ta zauna. In ba ta yi ba, ba sai mun sake zama a kanta ba."

Na ce na amince. (Na ma yi murmushi. Ina tuna murmushin nan fiye da yadda nake tuna fuskar wasu 'yan uwana da suka rasu.)

Ba zan rage wa kaina daraja a inda na cancanta ba: na yi shiri. A ƙarshen damina, ruwa yana cike maƙil, na je fadamar sau uku. Na sami wani masunci ya tuƙa ni, na riƙe doguwar gwangwala da na yi wa zane-zane da jan fenti, ina tsoma ta ina rubuta zurfi. Na gano wani tudu a tsakiya mai itatuwan giyayya, inda za a kafa tanti. Na zana taswira da launi uku. Da yake tafiyar sai farkon hutun Disamba, na lissafa abin da rana da iska za su shanye kafin lokacin, na cire shi, na ga har yanzu ruwan zai ɗauki jirgi da mutum bakwai. Na yi wata uku ina koya wa yaran iyo a babbar kwatar noman rani. Na bi iyayensu gida-gida, har Janbako da Dakko na je, ina shimfiɗa taswirata a kan tabarma ina rantsuwa cewa babu abin da ban duba ba.

A gefen fadamar ta wajen gulbi akwai wata doguwar ganuwar ƙasa da ciyawa ta rufe. Na zana ta da ruwan ƙasa, na rubuta cewa tudu ne da ambaliya ta tara a hankali cikin ɗaruruwan shekaru. Har darasi na yi a kanta a aji biyar, kuma na fitar da ita a jarrabawa.

Direban makarantarmu, Malam Sahabi, mutumin Bakura ne, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Shi ya kai ni awon nan duka. A tafiya ta uku, muna dawowa, ya rage rediyo.

"Malam, wanga ruwa da kaka gani, shina da mai shi. Ka tai ka gai da Sarkin Ruwa, ko da ɗan goro na. Ka zamna, ka sha ruwan gidanai."

Na tambaye shi ko me Sarkin Ruwa zai ƙara mini a kan abin da gwangwalata ta faɗa.

"Ni dai direba ni ke," ya ce. "Amma ban taɓa ganin wanda ya shiga ruwan ga bai gaishe shi ba."

A raina na riga na yanke hukunci. Goron nan, in ji ni, na iskokin ruwa ne, kuma ba zan ɗauki yaran makaranta in fara tafiyarsu da camfi ba. Amma don kada a ce na raina sarauta, sai na buga takarda da Turanci, aka buga mata hatimin makaranta, na ba Malam Sahabi ya miƙa. A cikinta na sanar da Sarkin Ruwa cewa ranar kaza za mu shiga fadama. Sanarwa ce mai ladabi ƙwarai. Na tabbata babu kuskuren rubutu ko ɗaya a ciki.

Da lokacin neman jirage ya yi, duk masuncin da na tunkara a yankin amsarsa ɗaya ce: sai na ga Sarkin Ruwa. Mai hankali zai tsaya a nan ya tambayi kansa dalili. Ni kuwa sai na ga taurin kai ne na mutanen ƙauye, na zagaye su. Na je bakin dam ta wajen Maradun na yi hayar jirage huɗu daga masuntan can, waɗanda ba ruwansu da fadamar Bakura, na sami babbar mota da za ta ɗauko su. A daren da na gama wannan na ji daɗin kaina sosai, irin daɗin wanda ya ci nasara a kan jahilci.

Ranar tafiya muka tashi da hantsi. Motar jirage a gaba, bas ɗin makaranta a baya da yara suna waƙa, sai motar shugaban makaranta, sai iyaye wajen goma a kan babura, waɗanda suka ce sai sun ga shigar 'ya'yansu ruwa da idonsu. Ni ina gaban bas da cikakkun kayan sikawut: gajeren wando, doguwar safa, ƙyallen wuya, sabon takalmi, taswira a naɗe a hammata. Mutum mai shekara talatin da wani abu, mai digiri biyu.

Tun kafin mu isa na fara ganin mutane suna tafiya hanyar da muke bi, maza da komar kamun kifi a kafaɗa, wasu da manyan goruna, mata da ƙore da robobi. Na ce wa yaran wataƙila labarin zuwanmu ne ya bazu. Malam Sahabi ya dubi mutanen, ya dube ni, ya mai da idonsa kan hanya.

Muka hau ɗan tudun ƙarshe, fadamar ta bayyana. Babu ruwa. Ba ina nufin ya ragu ba. Laka ce baƙa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, da ganyen bado kwance a kanta kamar wanki, sai 'yan kududdufai nan da can. Cikin lakar kuwa mutane ne ɗaruruwa, suna ta kama tarwaɗa da hannu da koma, ana kiɗa, ana ihu. Can gefen gulbi ga ganuwata, tuduna na ɗaruruwan shekaru, an sare ta a tsakiya, an yi mata ƙofa mai faɗin mota, da sawun fartanya a jikinta.

Daga baya na san abin da kowane yaro mai tallar gyaɗa a yankin ya sani. Ganuwar mutane ne suke gina ta da hannu kafin kowace damina don ta tare ruwa. Idan an gama yankan shinkafa, Sarkin Ruwa yakan sa rana a fasa ta, ruwan ya zurare gulbi. Bayan 'yan kwanaki a yi sun gayya, wato jama'a su taru su kama kifi, a abin da ya saura, sannan manoma su bi danshi su dasa dankali da albasa. Ranar ba ta cikin kalanda. Shi yake duba ruwa da gonaki ya sa ta, a yi shela a kasuwa. Mu kuwa mun iso daidai ranar sun gayyar.

Da na tsaya a nan, na ce an yi kuskure, na juya da yarana, da abin ya zo da sauƙi. Amma kiɗa ya tsaya, mutane sun miƙe daga laka suna kallon mota ɗauke da jirage huɗu, shugaban makaranta ya fito ya harɗe hannu. Sai na warware taswira. (Har yau ban san abin da nake fatan gani a cikinta ba. Wataƙila ruwa.) Na nuna wani siririn kududdufi na ce da ƙarfi, yadda iyaye za su ji, wannan ita ce babbar hanyar ruwan, kuma bisa awona zurfinta ya wuce tsayin mutum. Na sa yara suka sauke jirgi ɗaya suka tura shi ciki. Na shiga, na tsaya a tsakiya, na kafa gwangwalata mai jan fenti, na tunkuɗa. Jirgin bai motsa ba. Na sake tunkuɗawa da dukan ƙarfina. Gwangwalar ta nutse ta kafe, jirgin ya ɗan karkace, ni kuma na taka waje don kada in faɗi, na shige laka har cinya.

Ba a yi dariya nan take ba. Wata tsohuwa mai ƙwarya cike da kifi ce ta fara magana, ba da ni ba, da ta kusa da ita: "Wanga soja mi ya ɓatar a ciki?" Daga nan fadama ta ɗauka da dariya.

Ina cikin ƙoƙarin zaro ƙafa ɗaya, ɗayar tana ƙara nutsewa, sai mutane suka dare. Wani dattijo siriri, Sarkin Ruwa da kansa, ya taho, wandonsa naɗe zuwa gwiwa, yana taka lakar kamar daɓen ɗakinsa. Ya yi mini sallama. Ya tambaye ni gajiya, da iyali, da yaran makaranta, da sanyi, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko ɗaya ba, ni kuma ina amsa "lafiya lau" daga cikin laka. Duk gaisuwar da na ƙi zuwa in yi a zaurensa, sai da na yi ta a nan, a gaban jama'a. Sannan ya cire hularsa, ya zaro takardata daga ciki, a ninke, da tsabtarta.

"Malam, kai na mai takarda?"

Na ce ni ne, ranka ya daɗe.

"Ta iso tun watan jiya. Na sa jikana ya karanta min. Ya ce kana sanar da ni za ka shiga ruwa. To, ban ji tambaya cikinta ba, shi ya sa ban aiko da amsa ba. Na aje ta ina jiran mai ita."

Ya sa samari biyu suka zaro gwangwalata, suka miƙo mini ita, na kama, suka ja ni waje kamar akuyar da ta faɗa rijiya. Takalmi ɗaya da safarsa suka zauna a can. Ina zaton an yi albasa a kansu.

Abin da ya ƙara min nauyi shi ne dattijon bai wulaƙanta ni ba. Ya dubi yaran da ke tsaye a jere da jakunkunansu, ya ce in Allah ya kai mu baɗi, in zo da ƙarshen damina mu zauna, zai ba mu jirage da matuƙa, shi da kansa zai kai su tudun giyayya. Ya ma ce tunda sun zo, a bar su su shiga su kama kifi. Na ga idon yaran ya yi haske. Na juya wajen shugaban makaranta.

"Malam," ya ce a hankali, "a mai da yara mota."

Mahaifin wani yaro, wanda na sha furarsa a Janbako ina rantse masa, ya zo ya kama hannun ɗansa ya ɗora shi a babur. Ya tayar da babur ɗin suka wuce. Da ya zage ni, da na sami abin riƙewa.

A hanyar komawa babu mai waƙa. Na zauna a gaba da ƙafa ɗaya ba takalmi, laka tana bushewa a cinyata tana tsattsagewa. Da muka kusa Mafara na kasa daurewa, na tambayi Malam Sahabi don me bai gaya mini ana fasa fadamar ba.

"Malam, ka tambaye ni?" ya ce. "Kuma ko ka tambaya, ni ban san rana ba. Shi ka sa rana. Shi ya sa nic ce ka tai."

Na daɗe ina neman wanda zan raba laifin nan da shi, ban samu ba. Awona daidai ne, lissafina daidai ne. Na auna zurfin ruwa a wuri goma sha biyu, ban tambayi mutum ɗaya abin da ake yi da ruwan ba. In akwai darasi, to mai arha ne, na goro ƙwarya ɗaya da zaman rabin sa'a a kan tabarma, ni kuma na saye shi da abin da ba nawa ba.

Da aka dawo hutu, shugaban makaranta bai kira ni ba, kamar yadda ya alkawarta. An kwashe tantuna da tuta an kai sito. Baɗin da Sarkin Ruwa ya ce ta zo, babu ƙungiya. Bayan 'yan shekaru kuma daji ya zama abin da ya zama, babu uban da zai bar ɗansa ya kwana a fadama, ko da Sarkin Ruwa ne a gaban jirgin. Yaran nan ashirin da huɗu sun iya iyo, ba su taɓa ganin tudun giyayya ba. Na je gidan dattijon da goro sau ɗaya, ranar addu'ar ukunsa.