Famfon Unguwarmu Ya Sauya Sheƙa

Ranar Talata na je aiki ban yi wanka ba. Tun bayan asuba nake bin masu kurar ruwa, kowa na tare sai ya ce an riga an saye. Na ƙarshe ya dube ni ya ce, “Malam, ba ga rijiyar burtsatse a bayan gidanka ba?” Ya tura kurarsa yana dariya.

Gaskiyarsa, akwai ta. Shekara biyu ke nan da Mai Girma Garkuwan Kwangila ya zo Potiskum da jerin motoci ya ƙaddamar da ita. Ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, aka yi guɗa. Bayan kwana biyu famfon ya yi tari sau uku ya yi shiru. Ashe ana gobe biki wata tankar ruwa ce ta zo ta cika tankin sama.

Mun san haka ne saboda maƙwabcina Babaji ya ɗauki bidiyon a wayarsa. Babaji sojan baka ne, wato ɗaya daga cikin masu sayen fili a rediyo su yabi jam’iyyarsu su zagi ta wasu. Da yake Mai Girma ɗan wancan ɓangaren ne, sai rijiyarmu ta zama abincin Babaji. Kullum da yamma sai ka ji shi: “Wanda ya saci ruwan marayu, da me zai yi alwala?” Shi kuwa Umara, sojan bakan ɓangaren Mai Girma, ya rantse a rediyo cewa bidiyon haɗi ne, rijiya lafiyarta ƙalau, ’yan unguwa ne ba su iya murɗa famfo ba.

Surutun ya yi amfani. Muka rubuta takardar koke, aka ce kwamiti zai zo ranar Alhamis. Wadda ta fi kowa murna ita ce Gogo Hajaratu mai koko, domin ribarta duk a wajen masu ruwa take ƙarewa, har ta fara maganar ajiye sana’ar.

Sai ranar Lahadi Mai Girma ya sauya sheƙa zuwa jam’iyyar Babaji.

Na sami Babaji a ƙofar gida yana goge sabuwar hula. Na ce, “Babaji, ka dai adana mana bidiyon nan ko? Kai ne shaidarmu.”

Ya ce, “Yana nan. Amma na sake kallonsa a tsanake. Ka lura da tiyon nan kuwa? Ba zuba ruwa ake ba, kwasa ake. Ruwa ne ya yi yawa, ake kai wa mutanen garin Danchuwa.”

“To ruwan marayun fa?”

“Marayun Danchuwa ba marayu ba ne?”

Hausawa sun riga ni: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Dole kuma a jinjina wa Babaji, domin ba kowane ido ne ke iya juya ruwa a cikin tiyo ba.

Da la’asar sai ga Umara da sallama. Ya ce, “Yaya, ko kana da kwafin bidiyon nan? Wannan ɓarna ba za mu yi shiru a kanta ba.”

Na ce, “Wanda ka rantse haɗi ne?”

Ya ce, “A lokacin haɗi ne.”

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen nan abokan gaba ne. A shago ɗaya suke shan shayi, kuma mai shayin ya tabbatar mini cewa ranar Litinin musayar takardu suka yi: Babaji ya miƙa wa Umara jerin zarge-zargensa, Umara ya ba shi jerin amsoshi. Me ya sa za a wahalar da biro? Laifi tudu ne, in ka gaji da naka sai ku yi musayar tudu.

Ranar Alhamis kwamiti ya zo, mutum biyar, aka jera musu kujeru taku goma daga famfon. Babaji ya yi bayani da kalmomin Umara, Umara ya mayar masa da kalmomin Babaji. Shugaban kwamiti, mutum mai natsuwa, ya duba takardunsa ya ce kowane ɗayansu ya taɓa cewa akwai ruwa, ya kuma taɓa cewa babu, saboda haka magana ce ta siyasa.

Gogo ta ɗaga hannu. “Ɗan nan, ni ban yi boko ba. Amma ga famfon can. Ka tashi ka murɗa mana.”

Ya ce, “Gogo, a yi haƙuri, murɗa famfo ba ya cikin hurumin wannan kwamiti.”

Suka sha ruwan roba da suka zo da shi, suka tafi. Jiya Gogo ba ta dama koko ba.

Ni yanzu addu’ata ɗaya ce, kuma ina roƙon masu karatu su taya ni da amin: Allah ya sa Mai Girma ya ɓata da sababbin abokansa ya koma jam’iyya ta uku. Idan Babaji da Umara suka tsane shi a mako guda, ina kyautata zaton za mu sha ruwa, ko da na makon ne.