Ranar da Goje Ya Waiwayo

Ba zan taɓa mantawa da damunar da Babanmu ya rasu ba, ko da yake ba ranar jana'izar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Ranar gayya ce, mako biyar bayan haka.

Lokacin ina sabon malamin firamare a Malumfashi, na fito daga kwalejin horon malamai da kaina a sama. A kwalejin akwai wani Bature da ya koyar da mu. Ranar da aka kawo masa takardar waya cewa mahaifiyarsa ta rasu a ƙasarsu, ya karanta, ya ninke takardar, ya sa a aljihu, ya ci gaba da darasin lissafi. Daga baya ya ce mana haka namiji yake, ba ya bari a ga cikinsa. Mu ma Hausawa muna cewa namiji ba ya kuka, amma namu yana da ƙofa, domin a bakin kabari ba mai duban idon wani. Na Baturen ba ƙofa ba taga. Ni kuwa shi na zaɓa (a lokacin ko tari ya yi sai in ga akwai ilimi a ciki).

Da aka binne Baba a ƙauyenmu kusa da Kafur, na tsaya cikin kwat kamar turken waya. Ana waƙa, fasto da kansa muryarsa na rawa, ni ko ƙifta ido ban yi ba. Ƙanena Ayuba ya fashe da kuka, na dafa kafaɗarsa na ce, "Kai, riƙe kanka, ana kallonmu." Da yamma masu gaisuwa suka cika gida, ni kuma ina zagayawa ina gyara layin kujeru.

Ina jin na burge. Abin da ban sani ba, Inna ta gani, ta kuma fassara shi yadda ta iya. Na ji tana gaya wa Gwaggo, "Wannan bai san an yi rashi ba. Boko ya cinye masa zuciya." Daga ranar ta koma kirana Malam, kamar baƙo, tuwona ma sai ta ba wani ya miƙo. Abin yana cina, amma na ce a raina ai Baturen ma bai yi wa kowa bayani ba.

Ruwa ya zauna, gonar Baba ba a huɗe ba, sai 'yan ikilisiya da maƙwabta suka kira gayya. Maza wajen talatin da garemaninsu, har da mai ganga. Aka fito da bijiman Baba guda biyu, Goje da Ɗan Fari, aka ɗaura musu karkiya. Ayuba ya miƙa hannu zai kama garmar shanun, na ce a'a, ni ne babba. Na zo da gajeren wando da doguwar safa, shigar da nake zuwa aji da ita. Rabona da garma shekara bakwai.

Na daka wa shanun tsawa irin ta fareti. Ba su motsa ba. Na ƙara. Ɗan Fari ya saki kashi kusa da takalmina.

Kawu Bulus, ƙanen Baba, ya jingina da garmarsa ya ce, "Ticha, waɗannan ba su shiga aji ba. Yi musu magana yadda ubanka ke yi."

Baba bai taɓa dukan sa ba. Lallashinsu yake kamar abokan hira. Na gyara murya don in kwaikwaye shi, da nufin a yi dariya a wuce wurin. Na ce, "Malam Goje, ɗan albarka, taimake ni, rana na yi."

Ban san muryata ta zama tasa ba sai da na ji ta a kunnena. Goje ma ya ji. Ya ɗaga kai, ya juyo da wuyansa iyakar yadda karkiya ta bar shi. Bai dube ni ba. Bayana ya leƙa, yana neman mai muryar.

Abin da ya fito daga bakina ba zan kira shi kuka ba, domin kuka yana da tsari. Wata ƙara ce da mai ganga ya ce bai taɓa jin irinta ba sai a mayanka. Shanun suka firgita suka zabura, ni kuma hannuna ya ƙi sakin garma. Suka ja ni muka ratsa gona a karkace, ina ihu ina kiran Baba, safa ɗaya ta zube, har muka dangana da gindin ɗorawa na kife cikin taɓo. A nan na zauna na ci gaba, majina da ƙasa, a gaban mutum talatin, har da iyayen wasu ɗalibaina.

Ayuba ya iso yana haki. Ya dafa ni, ya ce a hankali, "Yaya, in riƙe maka kan naka ne, ko ka iya da kanka?" Har yau ban gama yafe masa ba.

Daidai lokacin mata suka iso da kunu. Inna ta sauke ƙwaryarta, ta tako cikin taɓon, ta tsaya a kaina. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta kama bakin zanenta ta share mini fuska da ƙarfi, yadda take yi ina ɗan shekara biyar.

"Tashi, kana tsorata shanu," in ji ta. "Sha kunu tukuna. Sauran kukan mu ƙarasa shi a gida, ni da kai."

Mun kuwa ƙarasa. Karkataccen layin nan Kawu ya hana a gyara, aka shuka dawa a kansa haka nan, duk mai wucewa kasuwa sai an nuna masa aikin Ticha.

Bana muka binne Inna. Na yi kukana a bakin kabari tun da wuri, a tsaye, cikin mutane. Na riga na koya cewa hawayen da ka hana fita a inda ya dace, shi zai zaɓi nasa wurin, kuma ba ya shawara da kai kafin ya tara jama'a.