Ranar da Na Rufe Shafin Amaryata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tafi Manchester cikin babbar riga na dawo Birmingham cikin kunya ba. Kada ku wahalar da kanku wajen neman wawan labarin nan, ni ne.

Ina zaune a unguwar Perry Barr ta Birmingham wurin ɗana Sani, likita. Karatuna a tsakiyar firamare ya tsaya (malamin ne ya gaji, ba ni ba), amma furfura ta yi ƙaranci cikin mutanenmu a ƙasar nan, don haka duk taron ƙungiyar 'yan Arewa ni ake zaunarwa a gaba. Sani yana da 'ya, Bilkisu, shekararta goma sha biyar. Amaryata nake ce mata, tana ce min ango, irin wasan jika da kaka, kuma ba ta raga min ko kaɗan.

Bilkisu na da shafi a waya inda take magana, rabi Hausa, rabi Turancin Birmingham ɗin nan mai fita ta hanci. Mutane na kallo sosai. Wata rana ta hau ta ce duk taron da ƙungiyarmu ta yi, 'yan mata na kicin suna wanke tukwane, samari na waje suna ƙwallo, iyaye maza kuma na ciki suna jawabi kan tarbiyya. Gaskiya ta faɗa, sai dai gaskiyar ta kai kunnen shugabanni. Aka ce a taro na gaba, a Manchester, za a tsayar da magana kan raba yara da shafukan nan gaba ɗaya. Sani, don kunyar jama'a, ya ce duk abin da na faɗa a wurin shi zai yi. Wato shafin yarinya yana bakina.

A mota ta ce, "Angona, me za ka ce musu?" Na ce, "Amarya, za ki ji tare da kowa."

Da aka miƙo min makirufo, jama'a, na yi magana. Na ce a zamaninmu yaro ba ya buɗe baki gaban manya sai an tambaye shi. Na ce wayar nan ta mai da kowane ɗan tatsitsi mai wa'azi. Har Turanci na jefa sau biyu (ban san ko ya sauka daidai ba, amma wani injiniya ya gyaɗa kai). Na kammala da cewa a rufe shafukan sai sun gama jami'a. Aka yi tafi, kuma tafin nan ne ya kai ni ƙasa.

Raina ya ce, jawabi irin wannan, mutanen ɗaki ɗaya kaɗai za su ji shi? Ina abokaina na Kano masu cewa ɗumama kujera na zo yi Ingila? Na ga Sani ya ɗauki jawabin a wayarsa. Sai ga Bilkisu ta fito daga kicin da tire, za ta kwashe kwanuka. Makirufo na bakina na ce, "Amarya, karɓi bidiyon wurin babanki ki saka a shafin nan naki, ke ce mai jama'a. Ina so ya isa Kano yau."

Ta ajiye tiren a hankali ta ce, "Kaka, wane shafin? Wanda ka rufe yanzun nan?"

Daga ɓangaren mata dariyar ta taso. Shugaban ƙungiya ya sunkuyar da kai yana gyaran hular da ba ta karkace ba. Sani ya cire tabarau yana share hawayen dariya, daga nan na san babu mai taɓa shafin nan. Har yau yana nan, kuma a taron da ya biyo baya samari na gani a bakin famfo, ni kuwa ina bin mutane ina cewa jikata ce.

Na koyi cewa tsoho ya ajiye makirufo kafin tafi ya hau masa kai. Amma a ranar ban ajiye ba. Na gyara riga, na yi gyaran murya, na ce, "To, a saka nawa tukuna, sannan a rufe."

Ta dube ni, hannun rigarta jiƙe da ruwan wanke-wanke, ta ce, "Angona, in bakinka ya isa a ji shi har Kano, nawa ma ba don cin tuwo kaɗai aka yi shi ba."