Yadda Za Ka Gaida Surukai A Aliero Cikin Hayaƙi Ba A Ga Hawayenka Ba

Kai ɗan Jega mai neman aure a Aliero, matso kusa. Masu farautar gafiya sun cinna wa dajin Maiyama wuta, hayaƙi ya rufe gari, zafin bazara kuma sai ka ce bakin tanda. Ga shi Malam Arzika, baban Salima, manomin albasa, ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga wanda albasa ke sa shi kuka ba. Shi kuwa duk hawayen da ya gani, na albasa ne. Bi matakan nan, aure ya ɗauru an gama.

1. Ajiye takunkumi

Na san ƙirjinka na ƙuna. Haƙuri. Wanda ya shiga zauren Malam Arzika da hanci a rufe ya zagi albasarsa ke nan. Cire shi tun daga bakin gari.

2. Bar gumi ya yi aikinsa

Kada ka goge fuska. Zafin nan gata ne Allah ya yi maka, don in fuska ta jiƙe sharkaf, ba malamin da zai raba gumi da hawaye.

3. Mai da tari gaisuwa

In tari ya taso, durƙusa ka haɗa shi da "Ina wuni, Baba." Zai ɗauka kunya ce ta shaƙe ka. Tsofaffi na son haka.

4. Yi ƙarya da ladabi

Zai zaunar da kai jikin buhunan albasa, da gangan. Sai ya ƙura maka ido ya ce, "Yaro, mi yas samu idonka?"

Kada ka ce hayaƙi. Ce masa, "Kwalli ne, Baba, sabo." Ko a gidanku ba a taɓa ganinka da kwalli ba, ba komai.

5. Ka makance

Nan ne ake faɗuwa, wallahi. Shi ma tsohon idonsa na zuba, har gemu ya jiƙe. Ba ka gani ba! Abokina Maiwada ya kai har nan lafiya lau, sai tausayi ya kwashe shi, ya zaro hankici ya miƙa. Tsohon ya ce, "Ni kaka ba ƙyalle? Ni da aka haihwa cikin albasa?" Har yau Maiwada a kasuwa yake cin tuwon dare, kuma ina jin tausayinsa ƙwarai.

Kai dai dubi ƙasa, ka yaba girman albasar bana, ku yi ta zubar da hawaye tare.

Sanarwa

In ka suma a zauren, ban san ka ba. In kuma aka ba ka Salima, to damina na tafe, ruwa zai kashe wutar, hayaƙi ya wuce. Albasa tana nan, kuma kai za a miƙa wa wuƙa ranar suna. Ran nan kada ka neme ni.