Kwana Bakwai Hajiya Na Kallon Yamma

Ko na tsufa na manta sunan unguwarmu, ba zan taɓa mantawa da makon da na saita wa surukata alƙibla ba.

Wata uku ke nan da kawo ni Abidjan daga Zariya, inda na yi shekara huɗu ina koyar da jogirafi a sakandare (ku riƙe wannan, shi ne tushen abin kunyar). Maigidana ɗan kasuwa ne a Adjamé. Ranar da muka tare a sabon gida a unguwar Biafra, cikin Treichville a nan Abidjan, ranar ya tashi zuwa saro kaya, ya bar ni da mahaifiyarsa. Hajiya ta zo aikin ido ne. An yi wa ɗaya aiki an rufe, ɗayan kuma hazo kawai yake gani. Ni ce idonta, kuma na ƙudura sai ta koma gida tana cewa ɗanta bai yi asarar auren 'yar boko ba.

Da azahar ta yi ta ce, "'Yar nan, ina ne gabas a gidan naku?"

Damina ce, hadari ya rufe rana ruf. Maƙwabta na nan a tsakar gida, amma Faransancina bai wuce gaisuwa ba, kuma gaskiya girman kai ya hana ni. Sai na leƙa ta taga na ga kwanukan dish a kan rufin gidaje, duk sun kalli gefe guda. A gidanmu na Zariya dish ɗinmu gabas yake kallo, har da shi nake nuna wa baƙi alƙibla. Na shimfiɗa wa Hajiya darduma daidai inda kwanukan suka kalla, na ƙara mata da lacca kan tauraron ɗan'adam, wadda ba ta nema ba. Ni lokacin ina fashin salla, don haka ita kaɗai ke hawa dardumar a ɗakinta.

Kashegari da yamma ta ce, "Anya kuwa, 'yar nan?" Na ce, "Hajiya, ai wannan kimiyya ce."

Rana ta bakwai Malama Balaraba, mai koyar da matan unguwa Alƙur'ani, ta zo dubiya da ɗalibanta biyar. Haifaffiyar Abidjan ce, Hausarta a cakuɗe da Faransanci. La'asar ta same su a gidan. Na yi caraf na jera musu dardumai a falo, har da gyara gefe da gefe.

Malama ta dubi dardumai, ta dubi taga. "Amarya, wa ya nuna miki nan?"

Da na yi shiru da abin ya zo da sauƙi. Ina! Sai na gyara tsayuwa kamar ina gaban allo, na yi musu bayanin kwanukan dish, har da nuni da yatsa.

"Ma shari," in ji ta a hankali, wato "abar ƙaunata" da Faransanci, "ƙanena aikin ɗaura parabol yake yi, dish ɗin nan da kike faɗa. Na kartiyen nan, unguwar nan tamu, duk na tashoshin Faransanci ne, tauraronsu yamma yake da mu. Nan da kika shimfiɗa, ta nan rana ke faɗuwa."

Wata daga cikin matan ta ce, "Yako, amarya," irin sannun da ake yi wa wanda ya yi rashi.

Abin haushin shi ne na sani. Ni da bakina na sha gaya wa ɗalibai cewa a can sama babu gabas babu yamma, taurarin nan jere suke kowa a mazauninsa, mu da ke ƙasa mu ne muke kiran wani gabas wani yamma, gwargwadon inda muka tsaya. Na ci maki a kan wannan, na ba wasu maki a kansa. Amma ba kunyar matan ce ta fi damuna ba. Lissafi nake yi a zuci: salla biyar sau bakwai, na tsohuwa mara lafiya da ta miƙa mini amanar idonta, tana roƙon Allah waraka ta ba Ka'aba baya. Ban san lokacin da hawaye suka zubo ba.

Na shiga ɗakinta na durƙusa. "Hajiya, ki yafe mini. Duk sallolinki na kwanakin nan..."

"Waɗanne salloli?" Ta lalubo kaina ta dafa. "Tun rana ta biyu nake juyawa. Ina cikin la'asar hadari ya ɗan yaye, na ji ɗumin rana a goshina. Shekara saba'in ina salla, ban taɓa jin ranar la'asar a fuska ba, a ƙeya take duka. Da kin fita sai in juya abata, in na idar in mayar miki da dardumarki yadda kika ajiye. Waɗanda na yi kafin nan kuma na rama."

"To me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na fara, kika ce kimiyya ce. Na ce bari ki yi wanka tukuna, sai mu yi maganar mu biyu. Ban san baƙi za su riga ni ba."

Sannan ta ɗaga murya yadda na falo za su ji: "Malama, ku bar mini yarinya. Baƙuwa ce, kuma kwana bakwai ba ta taɓa bari lokacin salla ya wuce ni ba."

Har Hajiya ta koma gida ba ta gaya wa ɗanta ba. Ni ce na gaya masa, ya yi dariya har da tari. Matan unguwa kuwa har yau Madam Parabol suke kirana, ina amsawa.

Takardar digirina tana nan cikin akwati. Amma yanzu in na shiga baƙon gida lokacin salla ya yi, ba na ɗaga kai in kalli rufi. Wadda ta fi kowa tsufa a ɗakin nake nema in tambaya, ko da kuwa idonta a rufe yake.